Yaro mai bin diddigi: Gwarzon da 'ya'yan Hausawan Agege ba su samu a harshensu ba

Layin dogo ne ya ratsa Agege ya raba ta biyu, kuma shi ne ya jawo Hausawa suka cika ta. Bayan jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Ibadan a 1901, layin kuma ya isa Kano a 1911, fataken da a da suke shafe watanni a hanyar Gwanja sai suka samu goro a kusa, a gonakin da ke kewaye da Agege. Suka yada zango, zangon ya zama unguwa, unguwar ta yi sarki da limamai da makarantun allo. A yau akwai gidaje a Zangon Agege waɗanda kakannin masu su ma a nan aka yanke musu cibiya.

Yaron da ya tashi a irin wannan gida yana da abin da 'ya'yan manya a Maitama ko Asokoro ba kasafai suke da shi ba. Da Hausa yake farkawa, da Yarbanci yake ciniki a kasuwa, da Turancin buroka yake faɗa da kwandasta, Ingilishi a aji, Larabci a Islamiyya. Yakan tsaya tsakanin mahauci da direban tirela ya ji abin da kowa ke cewa, alhali babu wanda ya damu da tsayuwarsa. Irin wannan yaro, mai kunne da ido, wanda manya ba sa lissafi da shi, shi ne marubutan duniya suka yi kusan shekara ɗari suna gina wani reshe na adabi a kansa: labarin yaro mai bin diddigi, wanda ba ɗan sanda ba ne, amma yake warware abin da ya ɗaure wa manya kai.

Sai dai idan ɗan Zango ya nemi irin wannan littafi, da Ingilishi zai same shi, kuma mafi yawa yaran Ingila da Amurka zai tarar a ciki. Har yanzu babu wani jerin littattafan Hausa na yaro mai bincike da ya yi suna ya zaga ƙasa, yadda kowane ɗan firamare zai iya kiran sunan gwarzonsa. Wannan giɓi ya wuce batun nishaɗi, kuma wani ɓangare na maganinsa yana kan teburan ma'aikatan tarayya a Abuja.

Hudar allura a jikin kuɗi

Wanda yake son ya fahimci yadda wannan adabi yake aiki, ya dubi littafin Emil and the Detectives na marubucin Jamus Erich Kästner, wanda ya fito a 1929. Emil ɗan wata bazawara ce mai gyaran gashi. Ta saka shi a jirgin ƙasa zuwa Berlin da mak 140, kuɗin Jamus na lokacin, mafi yawansu saƙon kakarsa. Don tsoron kada su faɗi, sai ya soke su da allura a cikin rigarsa. Barci ya ɗauke shi, wani fasinja ya zare kuɗin. Da aka isa birni yaron ya bi sawun mutumin, yaran unguwa suka taru suka taya shi, suka raba aiki a tsakaninsu: wasu gadi, wasu kai saƙo, ɗaya zaman jiran wayar tarho.

A banki aka yi ta ta ƙare. Ɓarawon ya je canjin kuɗin, ya rantse nasa ne. Maganar babba da ta yaro, kowa ya san wadda za a ɗauka. Sai Emil ya ce a ɗaga takardun a duba, za a ga hudar allura. Aka ɗaga, aka gani.

Yaron bai fi ɓarawon ƙarfi ba, ba shi da tsafi, aljani bai taimake shi ba. Ya lura da wani ɗan abu, ya tuna da shi a lokacin da ya dace, ya kawo hujjar da kowa zai iya gani da idonsa. Sauran ƙa'idojin wannan adabi duk daga nan suka fito. Laifin yakan zama daidai hankalin yaro: sata, ɓatan wasiyya, takardar bogi. Marubuci ba ya ɓoye wa mai karatu alamu, domin shi ma ya gwada basirarsa. Sau da yawa wanda kowa ya fara zargi shi ne ake wankewa. A ƙarshe kuma yaran ba su hukunta kowa da hannunsu, hukuma suke miƙa wa. Ba'amurke Donald Sobol, wanda ya fara jerin Encyclopedia Brown a 1963, har ya riƙa ajiye amsar kowane labari a bayan littafi, sai mai karatu ya yi nasa tunanin kafin ya leƙa. Bahaushe ya san wannan wasa, sunansa kacici-kacici.

Ba daga sama suka faɗo ba

Shahararrun littattafan nan tsara su aka yi, kamar yadda ake tsara kowace sana'a. A Amurka wani ɗan kasuwar littattafai, Edward Stratemeyer, shi ne ya ƙirƙiro The Hardy Boys a 1927 da Nancy Drew a 1930. Yakan zana ƙashin labari, ya miƙa wa marubutan da ya ɗauka haya su cika shi, a buga da sunan aro. Sunan Carolyn Keene da ke bangon littattafan Nancy Drew ba na kowa ba ne. Wata matashiya 'yar jarida, Mildred Wirt, ita ta rubuta 23 daga cikin 30 na farko, kuma a farkon lamarin dala 125 ake biyanta kan kowane littafi. Ita ta ba Nancy halinta: 'yar lauya mai shekara 16, mai tuƙa motarta, wadda a littafin farko ta bi diddigin ɓatacciyar wasiyya har ta gano sirrin a cikin tsohon agogo.

A Ingila Enid Blyton ta fara The Famous Five a 1942, ta kai littafi 21, ta ƙara da The Secret Seven. Ba za a rasa daraktoci da mataimaka na musamman a Sakatariyar Tarayya ba waɗanda a kan waɗannan littattafai suka goge Ingilishinsu a ɗakin karatun makarantar kwana. Dabarar ɗaya ce: gwarzo guda, bango iri ɗaya, farashi mai sauƙi, sabon littafi a kai a kai. Yaron da ya gama na ɗaya ba ya buƙatar malami ya tilasta masa neman na biyu.

Littattafan ba su rasa aibi ba. Na farko-farkon sun cika da raina baƙar fata da baƙi da talakawa, har daga 1959 masu Nancy Drew da The Hardy Boys suka shiga sake rubuta su suna cire irin waɗannan wurare. An yi wa Blyton irin wannan suka. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa fassara su zuwa Hausa ba za ta biya buƙata ba. Yaron da ake kira baƙo a garin da aka haife shi ba ya buƙatar littafin da a cikinsa baƙo ne kullum abin zargi.

Najeriya ta gwada, amma da Ingilishi

Bayan samun 'yancin kai, marubutan ƙasar nan sun ga giɓin, sun kuma yi ƙoƙarin cike shi. Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna a 1921, kuma ya riƙe muƙamin Daraktan Yaɗa Labarai na Gwamnatin Tarayya a Legas, yana aikin ofis yana rubuta wa yara. A littafinsa Juju Rock na 1966, Rikku, wani ɗalibi Bafulatani, shi ne ya shiga tsakiyar sirrin wani dutse da mutane ke tsoro. A shekarar dai Chinua Achebe ya fitar da Chike and the River: yaro ɗan shekara 11 ya tsallaka Kogin Neja daga Onitsha zuwa Asaba, jirgin komawa ya tafi ya bar shi, ya kwana a cikin wata motar kaya, ashe ta ɓarayi ce, kuma shaidarsa ce ta tona asirinsu. Daga 1977 kamfanin Macmillan ya fara jerin Pacesetters na matasa, inda 'yan Arewa irin su Mohammed Sule da Mohammed Tukur Garba suka yi fice.

Akwai kuma Dan Fulani, sunan da ɗalibai da yawa suka ɗauka na ɗan Arewa ne. Ba'ingile ne, John Hare, tsohon jami'in mulki a Arewacin Najeriya, wanda ya rasu a 2022. Shi ya rubuta jerin labaran wani yaro mai suna Sauna, irin su Sauna and the Drug Pedlars da Sauna and the Bank Robbers. Suna na Hausa, matsaloli na Najeriya, amma harshen Ingilishi.

Maƙwabtan Hausawan Agege kuwa sun riga sun yi nisa. Yarbanci yana da masu bincikensa na adabi tun tuni: Oladejo Okediji ya fito da Lapade, tsohon ɗan sanda, a littafin Aja Lo Leru na 1969, Kola Akinlade kuma ya ƙirƙiro Akin Olusina, gwarzon Owo Eje na 1976. A gabashin Afirka, Muhammed Said Abdulla na Zanzibar ya ba Swahili nasa, Bwana Msa, a littafin da ya fito a 1960 bayan ya ci gasar wata hukumar adabi. Waɗannan gwarazan manya ne, ba yara ba, amma sun tabbatar da cewa harshen Afirka yana iya ɗaukar labarin da aka gina kan hujja da lissafi.

Iri yana nan a gida

Hausa ba ta rasa tushen wannan tunani ba. Duk ɗan Islamiyya ya san ƙissar Annabi Yusuf, Alaihis Salam, da mai shaidar da ya ce a dubi inda rigar ta yage, ta gaba ko ta baya, domin a gane mai gaskiya. Suratul Hujurat kuma ta yi umarni da a tantance labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cutar da mutane cikin jahilci a dawo ana nadama.

A labaran Dare Dubu Da Ɗaya ma akwai na wani ɗan kasuwar Bagadaza da ya ɓoye dinare dubu a ƙasan tulun zaitun, ya ba abokinsa ajiya ya tafi Hajji. Bayan shekara bakwai ya dawo, babu dinare, abokin ya rantse bai taɓa tulun ba, alƙali ya sallame shi. Da dare Halifa Haruna Rashid yana zaga gari sai ya tarar da yara suna wasan wannan shari'a. Yaron da ya fito a alƙali ya ce a kira masu sayar da zaitun su ɗanɗana: in na bana ne, to an buɗe tulun. Washegari Halifa ya sa aka yi haka a gabansa, gaskiya ta fito. Da aka zo yanke hukunci kuwa, yaron ya ja da baya, ya ce wannan na Sarkin Muminai ne.

Wannan ƙarshe yana amsa wani tsoro da iyaye suke da shi, kuma tsoron ba na banza ba ne. Tarbiyyar Bahaushe ba ta son yaro mai sa ido a al'amarin manya, kuma an ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Amma yaron Bagadaza bai yi wa kowa rashin kunya ba. Tambaya ya yi, ya nemi masana, ya bar hukunci ga mai shi. Ana iya rubuta ɗan Hausa mai bincike wanda zai durƙusa ya gaida liman, sa'an nan cikin ladabi ya nuna masa abin da idonsa ya tsallake.

Rubutaccen adabin boko ne ya bi wasu hanyoyi. Gasar 1933 da Rupert East ya shirya daga Hukumar Fassara a Zariya ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi: yawon duniya, yaƙi, bauta, sata da ramuwar gayya. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ta cika da masu wayo da masu hikima, sai dai labarai ne daban-daban a bakin aku, babu gwarzo guda da yaro zai bi daga littafi zuwa littafi. Umaru Dembo ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma kasuwar Kano ta koma hannun marubuta masu buga littafi da kuɗin aljihunsu, su kuwa dole su bi masu saye: matan aure da 'yan mata da samari. Ɗan shekara goma ba shi da kuɗin sayen littafi, don haka kasuwa ba ta waiwaye shi ba.

Abin da ya sa Agege

Marubucin da ke neman filin irin wannan labari da wuya ya samu wanda ya fi Agege. Ga tashar jirgin Legas zuwa Ibadan da ya fara aiki a 2021, ga jirgin cikin gari na Red Line da aka ƙaddamar a 2024, ga gadar Pen Cinema, ga mayankar Oko-Oba inda shanun Arewa ke sauka, ga Markaz ɗin Sheikh Adam Al-Ilory da ɗalibansa daga ƙasashen Yammacin Afirka. Mutane suna shiga suna fita dare da rana, amana tana wucewa daga hannu zuwa hannu, sau da yawa ba tare da takarda ba.

A ƙaddara huhun goro ya yi ɓatan dabo tsakanin mota da sito, kowa ya nuna sabon ɗan dako da yatsa. 'Yar dillalin goro, wadda tun tana rarrafe take cikin ganye da huhu, ita ce za ta lura cewa goron da aka ce an kama a hannunsa daushe ne, alhali wanda ya ɓace na bana ne. Abokinta Bayerabe ya ji wata magana a garejin mota, ɗan fatoma ya san wanda ya kwana a masauki da wanda bai kwana ba. Babu ɗayansu da zai iya warware lamarin shi kaɗai, kuma babu yaron da zai karanta ya kasa gane unguwarsu.

Akwai dalili mai nauyi da ya sa ake buƙatar irin wannan karatu a irin wannan wuri. Hausawan Kudu sun san farashin zargi maras hujja. Rikicin Idi-Araba na Fabrairun 2002 da na Mile 12 na Maris ɗin 2016 duk daga saɓanin mutane ƙalilan suka faro, kafin ji-ta-ji-ta ta mayar da su faɗan ƙabila. A ƙarshen Maris ɗin 2025 an kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyar komawa Kano yin Sallah, bisa zargin cewa masu garkuwa da mutane ne, ba tare da an kai su gaban alƙali ba. Haka kuma ihun ɓarawo yana cin rai a kasuwannin Arewa. Littafin yara ba zai maye gurbin 'yan sanda da kotu ba. Amma yaron da ya karanta labari ashirin, a kowanne ya ga an wanke wanda aka fara zargi, zai girma da wata tambaya a bakinsa: wa ya gani, kuma mece ce shaida? A zamanin da saƙon WhatsApp ke riga gaskiya isa gida, wannan tambaya kariya ce.

Sai batun harshen kansa. Tun 2018 dokar Jihar Legas ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantunta, kuma hakkinta ne ta kare harshenta. A matakin tarayya, manufar koyar da 'yan firamare da harshen uwa da aka amince da ita a Nuwamba 2022 ba ta yi nisa ba, domin a Nuwamba 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da komawa Ingilishi. Ma'ana, ɗan Zango zai iya gama sakandare yana jin Hausa, yana kallon fim ɗin Kannywood, amma bai taɓa karanta shafi guda da ita ba. Abin da aji bai ba shi ba, sai dai littafin da zai ɗauka don kansa, wanda daɗin labari zai hana shi ajiyewa.

Wanda ƙwallon ke gabansa

Tarihin adabin Hausa ya nuna cewa duk lokacin da hukuma ta buɗe ƙofa, marubuta suna shiga. Waɗanda suka ci gasar 1933 yawancinsu ma'aikata ne masu cin albashi: Abubakar Imam da Bello Kagara suna koyarwa a Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi. Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya, waɗanda suka fito a 1982, gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ce ta haife su, a lokacin da Legas ce babban birni. A zamanin nan ma gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta fito da mata marubuta da dama da ba a san da su ba. Ita kuwa babbar kyautar adabi ta kamfanin NLNG, mai dala 100,000, wadda ke zagayowa kan adabin yara, rubutun Ingilishi take karɓa.

Kayan aikin suna nan. Dokar 2004 ta ba Hukumar Ilimin Bai-Ɗaya, UBEC, kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma wani kaso daga ciki na kayan koyarwa ne. Hukumar NERDC ce ke da alhakin manhaja da tantance littattafai. Akwai Cibiyar Harsunan Najeriya a Aba, akwai Ɗakin Karatu na Ƙasa mai rassa a jihohi. Abin da ake buƙata bai kai kuɗin kwangilar titi guda ba: gasa mai sharaɗi bayyananne, wadda za ta nemi jerin labarai na gwarzo guda ga 'yan shekara takwas zuwa goma sha uku, edita da mai zane da za a biya su yi aiki da waɗanda suka yi nasara, da alkawarin sayen kwafi ga makarantu, domin shi ne zai sa maɗaba'a ta saka kuɗinta.

Sharaɗi ɗaya ne bai kamata a manta ba. Idan an tashi rabon littattafan Hausa, Kano da Katsina da Sakkwato ake tunawa, a tsallake Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan, kamar dai Hausa ta tsaya a gadar Jebba. Alhali yaran da ke can su ne harshen ya fi saurin kuɓuce wa. Mataimakin da ke rubuta wa minista ko ɗan majalisa takardar shawara yana iya ƙara layi guda da zai sa a lissafa da makarantun Islamiyya da na al'umma a zangunan Kudu. Ma'aikacin da ke rubutu a ɓoye bayan tashi daga ofis kuma yana da misali a Ekwensi, wanda kujerar darakta ba ta hana shi rubuta wa ɗan firamare ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da ke wasa yau a gefen layin dogon Agege su ne dillalai da 'yan sanda da kansiloli da limaman gobe, kuma wata rana wani zai zo musu da gudu yana cewa an kama ɓarawo.